Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Yobe Kan Binciken Ciwon Ƙoda

Mai Girma Gwamna Mai Mala Buni,

 

Ranka ya daɗe, maganar ciwon ƙoda ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba sai na ba ka labarinsa ba. Daga Gashuwa zuwa Jakusko, Karasuwa, Nguru, har a gangara Gaidam, da wuya a ambaci ƙoda a majalisa ba a fara lissafa waɗanda ta kwashe ba. Likitocin ƙoda na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri sun daɗe da lura cewa marasa lafiyar da ke zo musu daga wannan yanki sun yi yawa, kuma da dama cikinsu ba su da ciwon suga, ba su da tsohon hawan jinin da za a ce shi ya cinye ƙodar. Magidanta ne masu jini a jika, manoma da masunta, waɗanda ake sa ran su za su binne iyayensu, sai ga iyayen suna binne su.

Na san ba ka naɗe hannu ba. Jiha tana wanke wa mutane ƙoda kyauta a Damaturu. Akwai cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, wadda ɗanmu Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a 2021. A 2023 ka taka da kanka har Landan, ka zauna da masana irin su Farfesa Neil Pearce da Farfesa Ben Caplin, kuma an shiga garuruwa an ɗebi jini da fitsari da ruwa. Allah Ya saka da alheri. Abin da ya dame ni shi ne yadda aikin zai ci gaba daga nan. Sanadin wannan ciwo ba zai bayyana a kan gadon wankin ƙoda ba, ba zai kuma bayyana a ɗiba ɗaya ba, komai yawan kwalaben da aka cika. Sai an kama mutane tun suna da lafiya, an bi su shekara da shekaru, an ga ƙodar wa ke sauka, ta wa ke nan daram, da abin da ya bambanta su.

Ƙoda ba ta kuka da wuri. Mutum na iya rasa fiye da rabin aikinta yana shiga gona kullum, yana cin tuwonsa, ba ya jin komai sai gajiyar da zai ɗora wa rana. Ranar da ƙafa ta kumbura, amai ya ƙi tsayawa, jini ya ƙare, aka ɗauko shi a mota, ƙodar ta riga ta motse ta zama tabo. A wannan mataki kowane ciwon ƙoda kama ɗaya yake yi. Jinin majinyacin ya hau, amma ba a iya cewa hawan jinin ne ya kashe ƙodar ko mutuwar ƙodar ce ta ɗaga jinin. An tambaye shi abin da yake sha da abin da yake fesawa shekara goma baya, ba ya cikin halin tunawa. Ban da haka, wa ke isa asibitin? Mai kuɗin mota, mai ɗan'uwa a birni. Matar da ke cikin kulle a ƙauyen da ruwa ya yanke wa hanya, da Bafillacen da ke ruga, da masuncin da ke kwana a fadama, ba sa shiga kundin kowa. Kundin asibiti yana faɗin waɗanda suka zo. Ba ya faɗin mutum nawa cikin nawa, kuma sai da wannan lissafi ake gane ko Gashuwa ta fi Potiskum, da kuma da nawa ta fi ta.

Awon kansa yana da tarko. Ana gane aikin ƙoda ne ta wani sinadari a jini mai suna kiriyatinin, wanda tsoka ke samarwa, ƙoda ke fitarwa. A ɗauki manomin rani a watan Afrilu. Tun asuba yake tsaye a bakin injin ban ruwa yana karkata ruwa daga fangali zuwa fangali, zafi ya haura digiri 40, rigarsa ta jiƙe ta bushe har gishiri ya fito mata a baya, ruwan da ke cikin jarkarsa ya yi ɗumi ya ƙare tun kafin azahar. In aka ɗebi jininsa a wannan lokaci, awo zai nuna ƙoda a wahale. A sake ɗiba da safe a watan Disamba, ana iya ganin ta lafiya lau. Shi ya sa ƙa'idar likitocin ƙoda ta duniya ta ce ba a kiran ciwo daɗaɗɗe sai an ga ma'aunin tacewa ƙasa da 60, ko wata alamar lalacewa, ta zarce wata uku. Duk binciken da ya ɗebi jini sau ɗaya ya tafi, alama ya gani, bai tabbatar da ciwo ba.

Sai kuma abin da ke samun jinin bayan an ɗiba. In ba a juya shi a na'ura an raba ruwansa da wuri ba, in ya wuni a bayan mota a kula wadda ƙanƙararta ta narke, in na'urar wannan ɗakin gwaji ba a daidaita ta da ta wancan a kan mizani ɗaya ba, adadin da zai fito ba abin dogaro ba ne. Lissafin da ake juya kiriyatinin da shi ya zama ma'aunin tacewa ma a jikin mutanen Amurka da Turai aka gina shi. A 2022 an buga wani bincike da aka yi wa mutum sama da 2,500 a Malawi da Yuganda da Afirka ta Kudu, inda aka auna tacewar ƙoda kai tsaye aka kwatanta. An ga cewa lissafin kiriyatinin yana nuna ƙodar 'yan Afirka ta fi yadda take lafiya, musamman ga marasa jiki, kuma wani awo mai suna sistatin C ya fi kusa da gaskiya. Mutanenmu sirara ne, aikin ƙarfi ya tsotse su. Ke nan akwai waɗanda za a ce musu lafiyarsu ƙalau alhali ciwon ya fara. Tsinken gwajin fitsari da ake tsomawa a ga launi shi ma ba ya kama irin wannan ciwo da wuri, domin a ƙasashen da aka yi nazarinsa furotin kaɗan yake zubarwa a fitsari. Saboda haka ne Pearce da Caplin da abokan aikinsu suka fitar da tsari ɗaya a 2017, mai suna DEGREE, domin a auna kowace al'umma ta hanya ɗaya, a iya jera sakamakon Yobe kusa da na Siri Lanka da na Nikaraguwa. Ina roƙon duk binciken da za a yi da kuɗin jiha, ko wane ne zai yi shi, a ɗaure shi a kan irin wannan mizani, a sake awo bayan wata uku, a ƙara da sistatin C ko da ga wani kaso na mutanen.

Yanzu ruwa. Duk wanda aka tambaya a ƙasar Bade zai ce ruwa ne, kuma ba zan raina wannan magana ba, ruwa ba ya tsami banza. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna haɗuwa ne a kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe, kuma ruwan Haɗeja ya ratso ta Kano, inda kamfanonin jimar fata na Challawa da Sharaɗa suka daɗe suna zubar da dagwalonsu. An sha buga takardu da ke cewa an samu dalma da kadmiyam da makamantansu a ruwan yankin. Kadmiyam kuwa sananniyar gubar ƙoda ce: ita ta gurɓata kogin Jinzu a Japan, ta shiga shinkafa, ta lalata ƙoda da ƙasusuwan manoma, har gwamnatin ƙasar ta amsa hakan a 1968. Amma samun guba a kwalbar ruwa mataki ne na farko kawai. Dole a san ruwan wace rijiya ne, na damina ne ko na bazara, a wane irin mazubi aka ɗebo shi, kuma ko wani ɗakin gwaji daban ya sake aunawa ya sami abu ɗaya. Dole a san ko gubar ta shiga jikin mutane, ta hanyar auna ta a jini da fitsari da farce. Sama da duka, dole a ga ko masu ita da yawa a jiki su ne ƙodarsu ke saurin sauka. In aka auna ruwan Gashuwa kaɗai ba a auna na garin da ciwon bai yi yawa ba, ba a san ko abin da aka gani na Gashuwa ne ko na ko'ina ba.

Siri Lanka ta ɗanɗana kuɗar gaggawa. Tun farkon shekarun 1990 ciwon ke cin manoman shinkafa a Anuradhapura da Polonnaruwa. An zargi kadmiyam, an zargi asenik, an zargi ruwa mai nauyi, an zargi maganin ciyawa. A 2015 gwamnati ta haramta maganin feshi na gilaifoset, a 2018 ta sassauta saboda kukan masu gonakin shayi, kuma har yau masana ba su haɗu a kan sanadi ɗaya ba. A Uddanam ta ƙasar Indiya ma haka ake ta lalube.

Labarin da na fi so ka ji shi ne na ƙasashen Balkan. A shekarun 1950 aka gano wani ciwon ƙoda da ke bin wasu ƙauyuka na bakin rassan kogin Danub a Bulgeriya, Romaniya, Sabiya, Bosniya da Kuroshiya. Ƙauye ɗaya ya kamu, na kusa da shi bai kamu ba. Shekaru aka kwashe ana zargin ruwa, ana zargin ƙwayar cuta, ana zargin gado. A 1969 wani masani mai suna Ivić ya lura da wata ciyawa, Aristolochia, da ke fitowa a gonakin alkama, ana girbe 'ya'yanta tare da alkamar, a niƙa, a yi burodi. Ba a bi maganarsa ba. Sai a 1993, da aka ba da rahoton wasu mata a Beljiyam waɗanda ƙodarsu ta mutu bayan shan maganin rage ƙiba na ganye mai irin wannan guba, hankali ya dawo kanta. A 2007 aka sami tambarin gubar manne da ƙwayoyin halitta a cikin naman ƙodar marasa lafiyar Kuroshiya. Shekara hamsin ke nan, kuma amsar tana cikin buhun hatsi. Wanda ya shiga gona ya duba shi ya fara ganinta, naman ƙodar da aka adana kuma shi ya tabbatar da ita.

Mu ma muna da buhunanmu da ya kamata a kwance. Akwai fiya-fiya da ake yayyafa wa busasshen kifi da wake don kada ƙwari su ci. Akwai matashin da ke goye da tankin feshi ba safar hannu, ba abin rufe hanci, maganin na zuba masa a gadon baya, in ya gama ya wanke tankin a bakin kogi, jarkar maganin kuma ta koma gida ta zama ta ruwan sha. Akwai haɗin maganin gajiya da ake saya a kemis ko a hannun mai talla bayan magariba, ƙwaya huɗu ko biyar a ƙullin leda, a ciki har da dikilofenak ko ibufurofen, a sha su a kan jikin da rana ta riga ta busar. Akwai jiƙe-jiƙen basir da shawara, da kanwa, da tsargiya wadda yaran bakin kogi suka ɗauka wani mataki ne na girma, da tsakuwar ƙoda, da zazzaɓin cizon sauro mai dawowa. Akwai gado: binciken da aka buga a 2024 kan mutum sama da 8,000 a Gana da Najeriya ya nuna wasu nau'o'in ƙwayar halitta ta APOL1 suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Mai yiwuwa ne abu biyu ko uku ne suka haɗu a jiki ɗaya. Takardar tambayoyin da aka rubuto daga wata ƙasa ba ta san haɗi ba, ba ta san fiya-fiya ba. A zauna da manoma da masunta da masu kemis a tsara tambayoyin, a yi su da Badanci da Barbarci da Fillanci da Hausa, a nuna wa mutum kwalba da ƙwaya ya ce wannan ce nake amfani da ita.

Ga abin da bin masu lafiya ke haifarwa. A arewa maso yammacin Nikaraguwa, inda ciwon ya kashe masu saran rake har ake kiran wata unguwa kusa da Chichigalpa tsibirin zawarawa, an ɗauki matasa 350 'yan shekara 18 zuwa 30, waɗanda ba su da alamar ciwo, ana auna su duk wata shida. Cikin shekara biyu an ga kusan ɗaya cikin goma na mazan ƙodarsu tana gangarowa da gudu, su kuwa ba su sani ba. Da an jira su a asibiti, da sai bayan shekaru za a gan su, lokacin da babu sauran abin koya kuma babu sauran abin ceto. Irin wannan nake roƙa mana: a zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a, ba waɗanda suka kawo kansu ba, a garuruwan bakin kogi da na tudu, a Bade da kuma kudancin jiha, a bi su aƙalla shekara biyar, awo ɗaya da sanyi, ɗaya da bazara. A sa mata a ciki sosai, ma'aikata mata su shiga musu har ɗaka. A sa yara. In aka ga ciwon ya fi cin maza masu aikin rana, hankali zai koma kan zafi da feshi da ƙwayar gajiya. In aka ga ya kama mace da namiji daidai, har da alamunsa a fitsarin 'yan firamare, to abin yana cikin randa ko tukunya. Wannan bambanci kaɗai zai rage mana shekaru na shaci-faɗi.

Waɗanda aka kama ciwonsu da wuri, in sun yarda, a tsakuro ɗan naman ƙodarsu da allura a asibitin koyarwa a duba. Sauran jini da fitsari a adana a firiza mai sola wadda ba ta ɗaukewa, a nan Damaturu, domin tambayar da ba a iya yi yau ba wani zai yi ta bayan shekara goma.

Kogin bai san iyakar jiha ba. Mutanen Haɗeja suna kuka da ciwon nan, kuma a can gaba Komadugu ita ce iyaka tsakaninmu da jihar Difa ta Nijar, inda ake noman tattasai da ruwa ɗaya da namu. Ka yi magana da takwarorinka na Jigawa da Borno da Kano a yi aikin da mizani ɗaya tun daga sama har Tafkin Chadi.

Mamatanmu ma ba a ƙirga su. Mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya tanada, ba takarda, ba rajista. Amma liman ya sallace shi, bulama ya sani, lawani ya ji. A ba su littafi da ɗan alawus su riƙa rubutawa, ma'aikacin lafiya ya bi bayan kwana arba'in ya tambayi iyali yadda jinyar ta kasance. Ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke Gashuwa za su iya wannan aiki.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai mutane sun yarda, kuma Arewa tana da dalilin ɗari-ɗari. Ba a manta da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, kuma kowa ya ga yadda rashin yarda ya tsayar da rigakafin shan-inna a 2003. Wanda ya ba da jininsa yana da haƙƙin a dawo masa da sakamako, a bakinsa, a harshensa, a asirce, domin akwai aure da kasuwa a cikin maganar. In an sami ƙodarsa ta taɓu, a sa shi a hanyar magani, kada a bar shi da takarda a hannu. Abin da aka gano gaba ɗaya kuma a fara faɗa a fadar Mai Bade da masallatan Juma'a da gidan rediyo kafin a faɗa a Landan. A yi hattara da sanarwar da ba ta nuna ba: kalma ɗaya kan kifin Gashuwa ko shinkafarta tana iya karya kasuwar dubban mutane kafin a tabbatar da komai.

Ban ce a zauna jiran sakamako ba. Ruwa mai tsabta haƙƙin mutane ne ko shi ne sanadi ko ba shi ba. A Nikaraguwa, da wani kamfanin sukari ya tilasta hutu a inuwa da shan ruwa a kan kari ga masu saran rake, raunin ƙoda na lokacin girbi ya ragu ƙwarai. Ana iya koya wa manoman rani wannan tun bana, a kuma sa ido kan masu sayar da haɗi. Sai dai tunda ba za a iya kai injin tace ruwa kowane gari rana ɗaya ba, a tsara bi da bi, a auna ƙodar mutane kafin a kai da bayan an kai. Da kuɗi ɗaya an taimaki jama'a, an kuma gwada zargin da ake yi wa ruwa.

Ranka ya daɗe, wa'adinka zai cika a watan Mayun 2027, aikin da nake magana a kai kuwa zai wuce nan da nisa. Binciken bin mutane yana mutuwa ne ranar da kuɗin man mota ya yanke, ko firiza ta kwana ba wuta, kuma shekarar da aka tsallake ba ta dawowa. Ina roƙon ka aika wa Majalisar Dokokin Jiha ƙudurin da zai kafa rajistar masu ciwon ƙoda da wannan bincike na dogon zango, da kaso tsayayye a kasafin kowace shekara, da kwamitin masana masu zaman kansu da za su riƙa duba aikin, da sharaɗin a buga sakamako duk shekara ko ya yi wa gwamnati daɗi ko bai yi ba. Ina fatan a ga layinsa a kasafin kuɗin da za ka gabatar nan gaba.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya yi maka jagora.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan jiharka daga ƙasar Bade